Hular Ƙarfe ta Sodangi Mai Walda

In ka ji ina zagin Sodangi a tashar Sabon Birni, kada ka tsoma baki. Taubashina ne. Babana da innarsa uwa ɗaya uba ɗaya suke, saboda haka ina da ikon in kira shi baƙin maƙeri mai kunnen ƙashi a gaban kowa, shi kuma ya ce mani direban da jakai ke wucewa a hanya. Amma wani ya gwada faɗin rabin abin da nake faɗi, ranar zai ga ɓacin raina. Sunana Alhassan, a-kori-kura nake ja tun gemuna bai fito ba. Labarin mutumin nan za ni ba ku da bakina, domin na gaji da jin waɗanda ba su san komai ba suna ba da shi a karkace.

Gidansu gidan ƙira ne. Ubansa ya yi wa manoman Tsamaye da kewaye kalme da lauje da gatari har ƙarfinsa ya ƙare, Sodangi kuma da zuga-zugi a hannu ya tashi. Ranar da ya fara ganin injin walda, shi ke nan, hankalinsa ya bar maƙera. Ya tafi Sakkwato ya koya, ya ƙetara Maraɗi ya ga yadda ake gyaran jikin mota a can, ya dawo ya kafa rumfar kwano a bakin tasha. Ba ya son surutu. In ka kawo masa aiki sai ya ƙwanƙwasa ƙarfen da bayan yatsa, ya karkatar da kai yana saurare, ya ce ka dawo gobe. Goben Sodangi kuwa sai addu'a, wani lokaci jibi ce, wani lokaci mako mai zuwa. Amma abin da ya liƙa ya liƙu ke nan, ba ka sake dawowa a kansa.

Yanzu bari in gaya muku abin da ke tsakaninmu da rana. Mu masu ɗaukar kayan kasuwa daga Sabon Birni zuwa Isa har Shinkafi, da safe gabas muke dosa, tana cikin idonmu. Da marece mu juyo, ta riga mu yamma tana jira. A da mutum kan zauna ya sha fura har ta faɗi sannan ya kama hanya, amma tun da daji ya lalace ba mai yarda magariba ta iske shi a waje. Sai ya zama daidai lokacin da take ƙasa-ƙasa tana huda gilashi, shi ne lokacin da kowa ke gudun gida. Ido ya yi ja, hawaye na zuba, ba ka ganin saniya sai ka zo kanta. Ɗan allon cikin mota da ake saukewa kuwa, a irin motocinmu ya daɗe da ɓallewa. Ni dai na yi shekara da shekaru ina tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana kan goshi.

Sai aka fara kawo wata rumfa ta roba da ake ɗaurawa a saman gilashin gaba, daga waje. Mu direbobi hula muke ce mata. Baƙa ce, tana sheƙi, in ka sa wa motarka sai ka ga ta ƙara kwarjini. Na saya, na yi ta ɗaga kai a tasha. Bazara ɗaya ta gama da ita. Ta koɗe, ta tsattsage, ta fara kaɗawa, wata rana kusa da Turba na ji fas, rabinta ya tashi ya bar ni da rabi. Na kwaso na kai wa Sodangi na ce ya liƙa mani.

Ya juya ta, ya jefar. "Roba ba a yi mata walda, sakarai. Aje motar ka tahi."

"In dawo gobe?"

"Awo."

Ban sami motata ba sai da na yi masa tijara a gaban mutane. Da na zo ɗauka kuwa, tsayawa na yi baki buɗe. Ya yanko ƙarfe daga ƙofar wata matacciyar babbar mota, ya lanƙwasa shi daidai goshin tawa, ya yi masa ƙafafu masu kauri, ya huda rufin ya ɗaure da manyan notuna, ya shafa koren fenti. Ranar na je Isa na dawo da hannu biyu a kan sitiyari, idona ko ƙaiƙayi bai yi ba. Wallahi da na sauka sai da na rungume shi, duk da baƙin man da ke jikinsa.

Daga nan magana ta bazu. Direbobin Isa suka zo, na Turba suka zo, har daga ƙetaren iyaka ake kawo mota. Kowa bakinsa abu ɗaya: hular Sodangi ba ta karyewa. Kuma gaskiya ce. Mota kan tsufa, inji ya mutu, a sayar da gangar jikin ga 'yan gwangwan, amma a cire hular a ɗaura wa sabuwa. Na san wanda ya sayar da motarsa ya ce da mai saye ban da hula. Ku fahimci abin da wannan yake ga mutum irin Sodangi. Ba shi da gonar kirki, bai je Makka ba, ba a taɓa naɗa masa rawani ba. Sunan nan shi ne duk abin da ya tara a duniya. In ya ratsa kasuwa aka ce "ga mai hular da ba ta karyewa," ba ya juyowa, amma ni da na san shi ina ganin yadda tafiyarsa ke canzawa.

Kada ku ce ba ta da aibu. Tana da shi, ni na fi kowa faɗa masa. Da ka taka mota iska ta shiga ƙarƙashinta, sai ta kama fito, fito mai shiga ƙwaƙwalwa, har fasinja ya tambaye ka ko inji ne ke ciwo. Tana ƙara shan mai, domin kokawa take da iska. In ka shiga Sakkwato ka tsaya a danja, ba ka ganin fitilar sai ka duƙa kamar mai neman allura, na bayanka suna ta danna hon suna zagin uwarka. Zanzaro ma ya mai da ita gida. Babban abin haushi kuwa damina. Inda aka huda rufi, komai robar da aka toshe da ita, ruwa sai ya sami hanya, ya riƙa ɗiga ɗis-ɗis a kan cinyarka, ka sauka a tasha wando a jiƙe, mata na rufe baki da mayafi. Duk lokacin da na kawo masa ƙara, tambaya ɗaya yake yi.

"Ta karye?"

"A'a, amma..."

"To tashi ka ba ni wuri, ina da aiki."

Abin da ba wanda ya lura da shi, ƙarfin nata ya koya wa mutane wata ɗabi'a. Masu lodi suka gano cewa ƙafar hular Sodangi ta fi kowace ƙugiya a jikin mota riƙo. In an jibga buhuna sun haura kan direba, sai a jefo igiyar gaba ta bisa rufi a ɗaure a nan, a ja a tamke. Aka fara rataye kaji a jikinta, da jarkoki, samarin da ke zama bisa rufi su kafa dugadugansu a kanta. Ta roba wa zai yi wa haka? Ita wannan ko gezau. Sodangi kan gani daga rumfarsa, ya yi ɗan murmushi ya ci gaba da aiki. A ƙarƙashin fenti kuwa, ruwan nan da ke ɗiga mana a cinya yana can yana cin rufin a hankali, kewaye da kowane noti.

Abin ya faru a farkon wata damina. Hafizullahi, wani direba ɗan Isa, mutum mai natsuwa wanda ko rantsuwa ba ya yi, ya yi lodin gero daga Sabon Birni. Cikin fasinjojinsa akwai Inna Hajo, tsohuwa mai daddawa daga Tsamaye, za ta Isa ganin 'yarta. A wurinmu ba a barin tsohuwa ta hau bisa kaya ga yaro zaune a gaba, saboda haka wani saurayi ya sauka ya ba ta kujerar kusa da direba, ta yi ta sa masa albarka. Ina bayansu da tawa motar. Akwai inda ruwa ya cinye kwalbati, sai an sauka cikin rafi a bi ta yashi, a hau gaɓa a koma kan hanya. Hafizullahi ya taka don ya hau. Ina kallo buhunan suka zame baya gaba ɗaya, igiyar ta miƙe, na ji wata ƙara da har yau ba ta fita daga kunnena ba. Rufin motar ya ɗago ya naɗe baya kamar murfin gwangwani, gilashin ya tarwatse ya zube ciki.

Inna lillahi! Muka diro. Hafizullahi ya fito da jini a goshi yana ta kiran "Inna! Inna!" Ita kuwa tana zaune inda take, ta rufe fuska da hannu biyu, jini na bi ta tsakanin yatsunta. Ni na ɗauke ta a motata zuwa asibiti a Isa. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma idon hagu ya tafi.

Hular fa? Tana can kwance cikin yashi da guntun rufi manne a ƙafafunta, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Wani ya ɗauko ta ya kawo tasha. Jama'a, ku zo ku ga halin mutane! Aka kewaye ta, wani ƙato ya hau kanta ya yi tsalle, ana tafi. "Mota ta yage, hula na nan!" Washegari kafin azahar motoci sun yi layi a gaban rumfar Sodangi, kowa na son irinta. A rayuwarsa sunansa bai taɓa kai inda ya kai a wannan rana ba.

Shi kuwa ya fito ya tsuguna a gaban hular. Bai dubi ƙarfensa ba. Guntun rufin ya kama, ya murza bakin hudar da yatsa, tsatsa ta zubo ja kamar garin barkono. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ɗago ya neme ni da ido.

"Alhassan, tsohuwar hwa?"

Na gaya masa.

Ya miƙe, ya kashe injin, ya ce da masu layi su yi haƙuri, yau ba aiki. Suka ɗauka irin goben tasa ce ta kullum, suka tafi suna dariya.

Da aka sallamo ta daga asibiti, ya ce in kai shi Tsamaye. Ya sa farar riga, abin da sai Juma'a yake yi, ya ƙunso goro. Muka iske ta a tsakar gida a kan tabarma, an naɗe mata rabin fuska, jikoki na wasa a gefe. Muka gaisa, muka yi mata sannu. Sodangi ya zauna a ƙasa, ya ƙi hawa tabarmar.

"Inna, sunana Sodangi. Ni niƙ ƙera hular motar."

Ta juyo da kanta gaba ɗaya don ta gan shi da idon da ya rage. "To, ɗana, kai kaɗ ɗaure igiya?"

"A'a."

"Kai kac cinye kwalbati?"

"A'a, Inna."

"To mi kaz zo nema? Abin da Allah yar rubuta na. Ya bar min guda, ina ganin jikokina da shi. Tashi ka hau tabarma, kak ka sa ni jin kunya."

Aka kawo ruwa a kwanon sha aka ajiye a gabanta. Ta miƙa hannu don ta ɗauka ta ba baƙo da kanta, hannun ya wuce ta gefen kwanon ya kama iska. Ta sake miƙawa, ta buge bakinsa, ruwan ya zube a tabarma. Ta yi dariya ta ce ba ta saba ba tukuna. Na dubi taubashina. Mutumin da tartsatsin wuta ke zuba a hannunsa ba ya motsi, na ga ya kau da kai ya dubi bango.

Mun yi nisa a hanyar dawowa, sai ya juyo ya dube ni.

"Da ta roba ta, da igiya taj ja, karyewa za ta yi. Gero shi zube, a kwashe. Tawa taƙ ƙi karyewa, sai tat tahi da saman mota."

Na ce, "Haba! Kai ma ka ji abin da tsohuwar tac ce. Laihin masu lodi na."

"Ni nik koya musu. Za ni sake ta, Alhassan. Za ni yi wadda ka karyewa."

Na taka burki a tsakiyar hanya. "Ka haukace? Kana da wani abu duniya ban da wanga suna? Mutane na layi gabanka, kai kana maganar karyewa!"

"Na sani," ya ce. "Ja mota, rana na hwaɗuwa."

Ya yi kwanaki yana yanke-yanke shi kaɗai, yana yi yana ɓatawa. Abin da ya fito da shi falle ne marar kauri, da 'yar tsaga a baya inda iska za ta wuce. Bai huda rufi ba ko wuri ɗaya. Ya yi mata 'yan maƙalai da ke kama bakin rufi inda ruwan sama ke bi, ya haɗa da ƙananan ƙusoshi masu taushi. Rana ba ta cin ta, fiton ya ragu, ɗiga kuwa babu. Kuma duk wanda ya zo, kafin ya taɓa motarsa sai ya gaya masa gaskiya: "Wagga rana taka tarewa. In kaɗ ɗaura mata kaya tana karyewa, don hakanan niy yi ta."

To, wa zai sayi abin da mai shi ya ce yana karyewa? Wani direba mai baki, don ya ba mutane dariya, ya kama ta farkon da aka ɗaura a jikin wata tsohuwar mota don gwaji, ya rataya da hannu biyu. Ta ɓalle, ya zauna daɓas a ƙasa, tasha ta ɗauki ihu. Daga ranar aka sa wa taubashina suna Sodangi Kwali. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce rowar ƙarfe yake, wasu har suka ce asirin gidansu ne ya karye tun da ya bar maƙera. Layin motoci ya watse ya koma Isa, wurin wani mai walda da ya kwaikwayi tsohuwar, yana ɗaurawa yana cewa irin ta Sodangi ce ta da. Wannan ya fi komai ci mani rai. Da sunansa ake cin kasuwa, shi yana zaune yana gyaran ƙafar baro da kurfotin mata.

Bai tsaya nan ba. Kullum da safe sai ya zaga tasha, duk inda ya ga igiya a ƙafar tsohuwar hularsa ya sa hannu ya kwance. Masu lodi su yi ta masifa, shi ya wuce abinsa, gobe ya sake. Ya sa aka yi shela, duk mai tsohuwar ya kawo ya cire masa ya toshe hudojin. Ba a cika zuwa ba.

Wata rana matarsa Sa'adiyya ta tare ni a zaure ta ce, "Malam Alhassan, ka yi wa ɗan'uwanka magana. Tuwonsa na kwana cikin kwano." Na je na same shi. Na ce to, ya yi iri biyu mana, mai kauri da marar kauri, kowa ya zaɓi wadda yake so, sunansa ya dawo, hankalin iyalinsa ya kwanta. Na yi masa magana mai daɗi, na yi masa mai zafi, na zage shi tas. Ya bari sai da na gama.

"Direba ka zaɓe," ya ce. "Wanda ka zamna gaba ba a tambaya tai."

Na tashi na fita a fusace, na zaga tasha, fushin ya ƙi zama. Na dawo da motata na tsayar a gaban rumfar, na ce ya cire. Koriyar nan ce fa, ta farko, wadda motoci suka yi ta mutuwa a ƙarƙashinta tana nan. Da yana kwance notunan ji na yi kamar ana cire mani haƙori. Da ta sauka ya kira ni in gani: kewayen hudojin ya yi laushi, da ɗan yatsa ya fasa shi. Ya toshe, ya liƙe, ya ɗaura mani sabuwar. A tasha aka ce dangantaka ce ta sa na sayi kwali. Hafizullahi ne na biyu, da Allah ya ba shi wata motar. Ya kawo ta, ya ajiye makulli ya koma gefe ya zauna.

Ba za ni yi muku ƙarya ba, har yau sunan bai dawo ba. Na ga maza da suka tsaya a gaban bindiga, amma ban ga da yawa da suka ɗauki sunansu da hannunsu suka ajiye ba tare da an tilasta su ba. Shi ya sa ni in ana lissafin mazajen Gobir, da masu takobi da masu rawani, ina sa taubashina a ciki, wanda bai yarda ba ya same ni a tasha. Muna nan 'yan kaɗan masu sa irin tasa, sauran suna zuwa Isa. In an ce "rumfar Kwali" kowa ya san inda ake nufi, shi kuma in an kira yana amsawa.

Damina ta zagayo. Wata la'asar ina dawowa daga Isa, baya cike da mutane da kaya, a gaba kuma na sa wata mai jego da jinjirinta a cinya. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta riga shi isowa. Ina sauri in fita daga daji. A wata kwana da hanya ke bi ta ƙarƙashin bagaruwa, iska ta danno wani babban reshe ƙasa, kafin in taka burki ya shige ƙarƙashin hular. Na runtse ido, na ce shi ke nan, tamu ta ƙare. Na ji ɓas! Motar ta ɗan girgiza ta wuce.

Na buɗe ido. Gilashi na nan. Rufi na nan. Hula ce babu. Mai jegon ta ƙanƙame ɗanta tana salati, shi kuwa ya saki nono ya dube ni, ya koma ya kama. Na sauka cikin yayyafi na tsinto hular a gindin itacen, ta rabu biyu ta lanƙwashe, na jefa a baya.

Muka iso Sabon Birni kafin magariba, ruwa ya ɗauke. Direbobi na zaune a rumfar mai shayi. Da suka ga goshin motata tsirara, suka ga abin da na sauko da shi, sai dariya ta ɓarke. "Kwali ya jiƙe! Alhassan, kwalinka ya jiƙe!" Ban kula su ba. Na ratsa ta tsakiyarsu riƙe da gutsattsarin, na zube a gaban Sodangi.

Ko kallon abin da na zube bai yi ba. Ya tashi ya nufi motar, ya bi bakin rufin da tafin hannu daga wannan gefe zuwa wancan, ya shafa gilashin. Daidai nan mai jegon ta buɗe ƙofa ta sauko, ta juya yaron baya ta ɗaure goyo, ta ɗauki ƙullin kayanta ta wuce ta gabansa, ba ta ma san ko shi wane ne ba. Ya bi ta da kallo har ta shige lungu.

"Gaba taz zamna?"

"Awo."

"Kowa ya sauka da ƙahwatai?"

"Kowa."

Ana ta dariya a bayanmu, wani yana buga gutsuren da ƙafa. Sodangi ya juya musu baya, ya kama bakin rigarsa ya goge ido, ya sake gogewa. Ya ga ina kallonsa.

"Kai kuma mi kaka kallo? Hayaƙin walda na."

Ranar tun safe ba wanda ya kawo masa aiki, ko injin bai tayar ba.